Rasuwar Shahba a Kwarin Sudaira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Khalfan ɗan Mubarak na ƙauyen Sudaira, bayan duwatsun Hajar a ƙasar Oman, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akori-kurarsu, Shahba. Ta cika ranar Lahadi bayan la'asar, a tsakiyar kwari, cikinta cike da laka.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta yi dakon dabino, ta yi dakon awaki, ta kai masu naƙuda asibiti, ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba. Da safe takan yi tari, "kyar-kyar," sannan ta ce "gurrum," unguwa ta san gari ya waye. Aibinta ɗaya ne, ba ta yi wa maigida musu.

Ajalinta daga teku ya taso. Da aka ce guguwa ta doshi gaɓa, mutanen Sudaira suka ce rigimar masunta ce, ina ruwan na tudu. Ashe in ta gama yaye rufin mutanen bakin teku, kan duwatsu take hawa ta juye abin da ta ɗauko, duwatsun nan kuwa ko ɗigo ba sa riƙewa. Kwarin da yara ke ƙwallo a cikinsa ya taso ja wur, yana ruri, yana mirgino duwatsu da kututturan dabino da mushen raƙumi.

Mu kuwa kun san halinmu. In kwari ya kawo, sai a fito kallo har da butar gahawa, wanda ya fara ƙetarewa a yi masa tafi. Khalfan ya iso da mahaifinsa a kujerar gaba, daga asibiti ya ɗauko shi, ruwan sama na dukan gilashi har hancin motar ba ya gani. Ambaliya ta riga ta shanye jan fentin da ke jikin turakun hanya, wanda ko yaro ya san ma'anarsa a tsaya.

Tsoho ya ce, "Kai Khalfan, mu jira. Gidan ba guduwa zai yi ba."

Wani ɗan kallo ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Yau dai Shahba ta gamu da gamonta."

Wannan maganar ce ta kashe ta. Khalfan ya ce, "Baba, riƙe da kyau," ya taka mai.

Ko rabi ba ta kai ba ruwa ya shaƙe ta, ta ce "fut-fut," ta yi shiru. Wani ƙaton dutse ya naushe ta a haƙarƙari, ƙarfe ya yage, gilashi ya tarwatse, ruwa ya sure ta ya juya ta ya maka ta da wata tsohuwar magarya. Khalfan ya fice ta taga, ya kama reshe, ya haye tudu. Ya ce igiya ya je nema. Ba wanda ya ƙaryata shi, ba kuma wanda ya gaskata. Tsoho na ciki, bel ya ɗaure shi a kujera, ruwa iya wuya, jini na zuba a goshinsa. Shahba ta ƙanƙame magaryar nan ana dukanta da itace da dutse, taya ta cire, bayanta ya ɓalle ya bi ruwa, amma ba ta saki ba sai da maƙwabta suka ɗaura igiya a ƙugu suka zaro shi. Ana fitar da shi ta mirgina.

Ta rasu ta bar makulli, da ƙofa ɗaya da aka tsinta a gonar wani, da maigidan da ba ya iya ɗaga kai ko a masallaci. Kullum Khalfan sai ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, tsoho ya amsa sallama ya juya fuska bango. Wallahi wannan ya fi asarar motar cin ransa.

Za a ciro gawar ranar Alhamis da hantsi in laka ta bushe, a raka ta wurin masu saran ƙarfe. Zaman makoki a zauren gida ne, akwai dabino da gahawa, amma a zo a ƙafa, hanya ta yanke. Khalfan ya roƙi mahaifinsa ya huta a ɗaki saboda ciwon ƙirjinsa. Tsoho bai dube shi ba, ya sa aka miƙo masa sandarsa, ya ce, "Da ni za a raka ta. Ranar nan ita kaɗai ta tsaya da ni."