Yadda Ake Cika wa Madam Benci da Masu Ciki

Ni Alƙasim na fara ganin motar furoje, ta masu aikin agaji, tana gangaro dutse, tun maigari bai gama ɗaura rawani ba. Ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba, amma na tona gidan tururuwa a yunwar tamanin da huɗu na ci na rayu. Madam, likitar da ta zo daga ƙasar masu Sifaniyanci, ta sa min farar riga, ta ce in tara mata masu ciki, ta auna su, ta ba su ƙwayar ƙarin jini har su haihu. In benci ya bushe, in tuɓe riga. Bi matakan ga, naka ba zai bushe ba.

1. Kada ka tambaya

Madam ta ce in ce, "Kina da ciki?" Wai haka ake yi a garinsu. Na gwada a kan Jima matar Barmo, cikin fari, yana riga ta shiga ƙofa. Ta ce, "Tuwo ne, Baba." Kai dai zauna kusa da mai tsamiya ran kasuwa. Wadda ta saya ta fara tsotsa tun a tsaye, taka ce.

2. Bi ta uwar miji

Ce mata jikan Habsa maƙwabciyarta an auna shi tun yana ciki, ya fi kilo. Gobe da kanta za ta koro surukar.

3. Tsare ƙwaya

Madam ta yi ta mamakin jinin Jima ya ƙi ƙaruwa. Ashe Barmo ke haɗiyewa kafin ya tafi ɗaukar duwatsu Keita. Na same shi kumatu na sheƙi. Ya ce, "To Baba, wa ya fi wani bukatar jini a gidan ga?" Kai dai ce wa maza ƙwayar tana sa nono ya fito.

4. Sa ran wata na bakwai

Nan masu ilimi ke faɗuwa. Rannan muka iske benci wayam.

"Alƙasim, ina matana?"

"Sun tafi gida, Madam."

"Nan ba gidansu ba ne?"

Ba wanda ya gaya mata mai cikin fari wajen iyayenta take goyon ciki. Ta dubi rigata, ta ce in benci bai cika ba ranar kasuwa mai zuwa, in tuɓe ta.

5. Tuna hanya ba gefe ɗaya take bi ba

Matanmu sun tafi garuruwansu, to ɗiyanmu masu ciki da ke aure garin Galma ina za su? Gida! Na zuba su kan benci, na raba musu sunayen waɗanda suka tafi. Da aka kira Jima, Delu ɗiyar ƙanena ta miƙe, doguwa kamar giginya. Madam ta auna, ta goge gilashi, ta sake aunawa.

"Jima, tsawo kika ƙara?"

Na ce, "Ƙwayarki ce, Madam."

Ta rubuta!

In taka Madam ɗin mai gane fuska ce, aka kai ka jandarma, ban san ka ba, ban san ubanka ba. Wanda kuwa ya ce ƙarya nake, ya zo kasuwar Tabotaki ya faɗa a gabana. Zai gane ni, ni kaɗai ke sayar da albasa sanye da rigar likita.