Ranar da Firinta Ta Amsa Sunan Sabarmu

Ba zan taɓa mantawa da firintar nan ba. Ita na fara gani da na shiga ɗakin kwamfuta ranar taron iyaye: an ɗauko ta daga ofishin shugaban makaranta, an goge mata ƙura, an jona ta da rautarmu, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, don ɗakin ya yi kwarjini.

A makarantarmu ta Bagudo muna da saba, wato tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da tambayoyin jarrabawa. Ba ma da intanet, sai dai kwamfutocin ɗakin suna magana da juna. Da, kafin ka isa sabar sai ka buga doguwar lamba. Malam Nura, malamin kwamfuta, ya koya mini DNS, abin da ke haɗa suna da lamba, na raɗa mata suna "karatu". Kowa ya huta da haddar lamba. (Ni kuwa har tafiyata ta canja.)

Abin da na bari sai "gobe" shi ne kafe wa sabar lambarta. Rauta ke raba lambobin, wanda ya riga tashi ya riga samu. Da safen nan an ɗauke wuta, an tada janareta, ga kuma baƙuwar firinta a layi. Na san firinta na iya riga sabar kama lambarta, komai ya hargitse. Dubawa ɗaya ta isa. Amma Malam na tsaye bakin sabar yana hira da manya, ni kuma ba a haife ni da bakin katse manya ba. Na tsaya ina murza bakin hijabina, ina kallon wani ɗinki da ya warware a hularsa.

Baba yana layin gaba. Ya fasa tsallaka iyaka da buhunan albasarsa don ya ga abin da ke hana ni dawowa gida sai la'asar. Sharaɗinsa ke nan: in abin banza ne, na bar darasin yamma.

Aka kira ni. Na buga "karatu". Farin allon bango ya yi haske, sai ga hoton firinta, ƙato, da jan rubutu wai tawada ta ƙare.

"Wanga shi na karatun?" in ji wani tsoho daga Kende. "Ai ko ni na san babu tawada, tun bara jikana ke faɗi!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Shugaban makaranta bai yi ba. Malam Nura ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannuna, ya ce, "Ku yi haƙuri, yara ne, wasa ya yi musu yawa." Ya duba sabuwar lambar da sabar ta samu, ya buga ta, tambayoyi suka fito, aka tafa masa. Shi.

Na koyi cewa kunyar da ake yabona da ita a gida ba ta gyara komai, tara mini abin kunya kawai take yi har jama'a su taru.

A kan babur, da muka wuce kasuwa, Baba ya ce:

"Daga yau, da an tashi ki taho gida."

Ina kallon bayan rigarsa na ce:

"Baba, don Allah ka bar mini gobe kaɗai. In je in kafe lambar, kada wata ta sha abin da na sha."