Tashi Goma, Sauka Tara da Arba'in

Wani ne ya samu aikin gadi a wani kamfanin katako, can wani gari a ƙuryar arewa. Shi ma garin nasu a ƙurya yake, ba ka zuwa sai da dalili. Shekara biyu gogan yana zaman banza, har kujerar ƙofar gida ta lotsa. Manaja ya ce masa a waya, "Litinin ƙarfe goma na safe in gan ka a ofis. In ka ƙara minti ɗaya, na ba wani." Ga shi ranar Lahadi ce, hanyar mota kuwa kwana biyu, in taya ba ta fashe ba.

Sai ya nufi filin jirgi, wajen wata mai sayar da tikiti.

"Malama, daga nan zuwa can nisan nawa ne?"

"Kilomita ɗari uku. Minti arba'in kun sauka."

"Haba malama. Direbobi sun ce dubu ne cif."

"Ta ƙasa ke nan, sai an zagaye tafki da duwatsu. A sama ba kwana."

"To sauran ɗari bakwai ɗin fa, ina kuke kai su?"

Ta dube shi, ta miƙa masa tikiti kawai. Ya karanta: tashi ƙarfe goma, sauka tara da arba'in. Ya juya takardar, ya sake karantawa.

"Malama, injin naki ya sha wani abu ne? Ya zan sauka ban tashi ba?"

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa agogon can yana bayan na nan da awa ɗaya. Gogan yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Abin da ya riƙe kawai, jirgin nan don tsabar gudu yana isa kafin ya tashi.

Washegari matarsa ta goge masa riga, ta zuge jaka, tana ta sintiri tsakanin ɗaki da ƙofa.

"Baban yara, tara ta gota fa."

"Ke ba ki san jirgi ba. Ƙaro min ruwan zafi."

Ya miƙe ƙafa yana kallon agogon bango. Tara da arba'in na cika ya yi hamdala, ya ɗauko waya ya kira manaja.

"Ranka ya daɗe, na sauka lafiya."

Manaja ya ce madalla da sammako, ya taho yana jira. Gogan ya ce wa matarsa, "Kin gani? Sauka ta kammala. Saura tashi, shi kuwa ba abin gaggawa ba ne."

Ya saɓa jaka, ya tsaya a hanya aka goge masa takalmi, ya iso fili goma da kwata. Ba jirgi ba alamarsa. Ya yi kan mai tikiti.

"Ina jirgina?"

"Ya tashi, malam. Sai na Alhamis."

"Alhamis? Aikina fa?" Ya buga tikitin a kan tebur. "Karanta nan. Ke da hannunki kika rubuta. Ni tun tara da arba'in na isa garin can, har na gaya wa manaja."

Ta ɗago kai, ta gyara zaman tabarau.

"Af, ashe ka isa. To sannu da dawowa, malam. Ya ka baro mutanen can?"