Dabino a Teburin Likita

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta matata Dija ba za ta bari ba, da ranar da muka kai mahaifinta ganin likita a Yola.

Baba Bafulatanin Namtari ne, irin tsofaffin nan da ko ciwo na cin su sai dai su ce lafiya lau. Tari ya daɗe yana damunsa, aka yi hoto, aka yi gwaji, aka ce dajin huhu ne, kuma ya yi nisa. Ranar za a yanke shawara: ko a shiga maganin nan mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, ana zaryar asibiti, ko ya koma gida a riƙa ba shi abin rage ciwo. Ni kuwa, malamin makaranta a Jimeta, tun daga gida na gama zaɓar masa. Magani za a yi, ko a ina ne. (Ba wanda ya tambaye ni fa. Kawai na ga ni ne mai Turanci a dangi.)

Na makara, ga shi ban karya ba. Da na shiga ofishin likitar ba ta nan, ta fita karɓo hoton ƙirji. Baba na zaune, Dija na gefensa. A kan tebur akwai kwalaye biyu masu zane, ɗaya gadon asibiti, ɗaya gida da bishiya. An ɗora dabino a kan kowanne. Na gadon 'yan ƙwayoyi ne, na gidan kuwa tuli guda.

Na ce a raina, kai, asibitocin yanzu sun waye, har da tarbar baƙi!

Na san ba a cin abinci a gaban suruki, balle surukin Fulani. Na sani sarai. Amma yunwa ta raɗa min cewa dabino ai ba abinci ba ne. Na kau da kai gefe, na miƙa hannu kan tulin, don mai yawa ba a saurin gane an taɓa shi. Dija ta taka min ƙafa, na matsa mata, na zaci wuri ne ya yi mata kaɗan. Ta galla min harara, na miƙa mata ɗaya. Wallahi haka na yi. Na ci gaba da ci har tulin ya kusa ƙarewa. Baba dai ya zuba wa silin ido kamar ana nuna fim a can.

Likitar ta dawo, wata 'yar kudancin jihar mai fara'a. Ta dubi teburin, ta juya ga Baba.

“Baba, ke nan asibiti ka zaɓa?”

Caraf na cafe. Na gyara zama, da ƙwallon dabino a kumatuna, na soma jawabi rabi Hausa rabi Turanci, cewa mu a danginmu ba ma ja da baya.

Ta ce, “Malam, dakata. Baba ba ya son faɗa da baki, shi ya sa na yi masa bayanin hanyoyin biyu, na ba shi dabino ya tara a kan wadda ta fi kwanta masa a rai. Na bar shi ya yi tunani. Amma ina sauran?”

Baba ya yi tari, ya goge baki da gefen rawaninsa, ya ce a hankali, “Dakta, ba ni ba ne. Mijin Dija ne ya cinye gidana.”

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Ƙwallon nan ban san ko in haɗiye ko in tofar ba. Likitar ta juya mana baya wai tana gyara labule, amma ina ganin kafaɗunta na rawa.

Tunda bakin ya buɗe, sai Baba ya zarce. “Namtari nake so. In kwana a ɗakina, in ji kukan shanuna. Na yi shiru ne don yaran nan suna ta wahala a kaina, kar su ce na raina ƙoƙarinsu.”

Dija ta fashe da kuka. Ni kuma kunyar dabinon ta gudu, wadda ta fi ta ta zo. Tun da aka soma jinyar nan ina ta magana a madadin bawan Allahn nan, ban taɓa ce masa “Baba, me kake so?” ba.

Gida muka kai shi. A ɗakinsa ya yi sauran kwanakinsa, Allah ya jiƙansa.

Na koyi abu biyu: in ka shiga ofishin likita, tambaya kafin ka kai abu baki, kuma tambayi mai ciwo kafin ka ari bakinsa. Na farkon na kiyaye. Na biyun Dija ta ce har yanzu da sauran aiki.