Hannun Dama na Gaisuwa Ne

Malam Sada na da babur irin na shiga jeji, mai dogayen ƙafafu, wanda ya saya hannun wani malamin gona. Shi ke kai shi gonarsa ta hanyar Mai'adua, inda yashi ke kayar da ƙananan babura. Da sanyin ƙashi ya kama masa ƙafar dama, taka birkin baya ya gagare shi. Rannan ya ɗaga hannun dama zai gaida Hamma mai unguwa, sai ga shi cikin dangar mutane. 'Ya'yansa suka ce sayar da babur za a yi. Da ƙyar suka yarda a fara kai wa jikansa Zailani, bakanike a Daura, ya mayar da birkin bayan hannu. In tsoho ya iya tsayawa, a ba shi makulli. In ya kasa, sai kasuwa.

Malam Sada ya iso rumfar gyaran yana dogara sanda, Zailani ya tare shi da gaisuwa.

"...lafiya lau. Ya gajiyar karo? An ce dangar ma tana gaishe ka."

"Ja'iri! Ni da na hau babur tun ubanka na yawo ba wando?"

"Shi ya sa na ce a kai ku gidan tarihi tare, kai da shi. Matata Kulu kuwa ta dawo hannun mai ita."

Kulu ita ce matar Malam Sada, kakar Zailani.

"Kulu ta auri mai warin baƙin mai? Ko sabulu ba ka iya saya mata."

"Ai ƙara ma zan kai wa 'yan Hisba. Na ga wani tsoho yana goya matar aure a babur."

"Je ka. Duk ni na yanka musu ragon suna."

Zailani ya kwance wayar daga matakin ƙafa, ya bi da sabuwa ta ƙarƙashin tanki, ya ɗaure wani ɗan hannun ƙarfe a kan babur ta hagu, ƙasa da na kuloci. Malam Sada ya leƙa, ya ɓata rai.

"Me ya kai shi hagu?"

"Dama ta cika. Ga totur, ga birkin gaba."

"Hannun da nake tsarki da shi zan damƙa wa raina?"

"To na daman ai ka ba jama'a shi kyauta. Ko akuya ta yi atishawa sai ka ɗaga mata."

"Mutunci ne, wanda ba ku da shi. Ku kuna wuce manya fiu, kamar an biyo ku da bashi."

"To ka gaishe su da hagu."

"A'uzubillahi! A Daura? Gara in sake shiga danga."

"Ka ji ko! Sabo turken wawa."

"Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau tankin mai ba zai gani ba."

"Amma dangar ba ka hango ta ba."

Tsoho ya yi dariya, ya kama kan babur ɗin. Ya san in aka raba shi da wannan ƙarfe, shi da gona sai labari. Sai zaman tabarma a ƙofar gida, ana kawo masa kunu kamar mai jego.

"Na sama kuloci, na ƙasa birki," in ji Zailani, yana murɗa noti. "Kada ka haɗa su kamar yadda kake haɗa sunayen jikokinka. Ka je gindin darbejiyar can ka dawo. In ka wuce rumfar nan, na gaji babur, na gaji Kulu."

Ya tayar masa, ya ɗora shi. Malam Sada ya tafi, ya juyo lafiya, ya taho yana ɗaure da fuska, hannu biyu a kan babur. Sai ga Hamma mai unguwa ya fito daga lungu da butarsa.

"A'a, Malam Sada! An samu lafiya?"

Zailani ya dafe kai. "Kaka, kar ka ɗaga!"

Ina! Hannu ya riga ya tafi sama. "Ranka ya daɗe!"

Babur ya nufi tiren wata mai awara, ta ƙwala ihu. Sai yatsun hagu suka damƙe ƙarfen ƙasa. Tayar baya ta ja ƙasa ƙiii, injin ya mutu, babur ya tsaya cak a bakin rumfa. Hula ce kawai ta ci gaba da tafiya, ta sauka cikin kwanon baƙin mai. Hannun dama na nan a sama.

"Ya iyali?" in ji Malam Sada, ko haki bai yi ba.

Sai da suka gama gaisawa tsaf, har da tambayar awaki, sannan ya juyo.

"Ɗan nema, na wuce rumfar?"

Zailani ya zare makulli, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu yana dariya. "Na sallama. Riƙe matarka."

"Allah ya yi maka albarka." Ya nuna hular da ke nutsewa a cikin mai. "Ga tukuici nan. Tsamo ta ka sa, ka zo zance wurin Kulu."