Nomau da Wayar Yaya Sallau

A Tungar Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Inna Dudu, da babban ɗanta Sallau malamin gona, da ƙanensa Nomau, ƙato mai gemu wanda abin da kunnensa ya ji shi hannunsa ke yi, ba ragi ba ƙari. Tun da ofis ya ba Sallau babbar waya, ko gona ta cikinta yake dubawa.

Wata rana saniyarsu ta ƙi kiwo. Sallau ya miƙa wa Nomau wayar ya ce, "Maza buga wa likitan dabbobi." Nomau ya nufi kasuwa, ya iske likita ya sunkuya yana duba bakin jaki, ya ƙwala masa wayar a ƙeya. Likita ya biyo shi a guje har gida. Nomau na haki ya ce, "Yaya, ga shi ya zo. Bugu ɗaya na yi."

Wata rana Sallau ya ce, "Kash, wayata ta mutu!" Ya ajiye ta ya shiga wanka. Nomau ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne bayan rumbu, ya sanar a unguwa an yi rashi. Sallau ya fito ya tarar da maƙwabta bisa tabarma suna ce masa ya haƙuri. Da aka tono ta aka sa caji ta kawo haske, Nomau ya haura katanga yana ihun fatalwa.

Wata rana Inna ta ce, "Sallau, Kawunku Barau wata biyu yana kwance, ba ka leƙa shi ba."

"Aiki, Inna."

Ya naɗi gaisuwa a waya, aka kira shi waje, ya ce, "Nomau, tura wa Kawu wannan." Nomau ya sa wayar a baro, ya kama turi har ƙauyen Kawu. Sallau ya nemi waya ya rasa, ya hau babur ya bi sawun taya yana faɗa. Sawu ya kai shi zaure, ga Kawu a kwance, ya rame.

Tsohon ya kama hannunsa, hawaye ya zubo. "Sallau, da ƙafarka? Na zaci sai ranar jana'izata."

Sallau ya zauna kusa da shi. Can wayar ta hau ruri a cikin baro.

Nomau ya leƙo. "Yaya, tana kuka."

"Bar ta ta yi."