Ranar da Na Ɗumama wa Surukata Titi

A duk unguwarmu ta Ƙurban babu mai hannun gyara irin nawa, kuma da bakina nake shelanta haka. Shi ya sa da hitar motata ta ƙi ɗumi, ga surukata mai ciwon gwiwa za ta sauka Umra cikin sanyi, na rantse ba zan je warsha wajen makanikai ba. Tamostat ne kawai, ɗan abin da ke daidaita zafin inji! Na ɗaura sabo a ƙofar gida, ina yi wa maƙwabcina Abakar ɗan Chadi lacca. Ya ce, "Ya akhi, anya ba ka juya shi ba?" Na ce ya yi shiru ya koya.

Ashe a kife yake. Na ɗauko surukar tawa mun baro filin jirgi ke nan, bonet ya fara tururi kamar madambaci. Hajiya ta fito tana ɗumama hannu a kai, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Allah ya saka wa Abakar, ya zo ya kwashe mu. Hajiya ce dai har yau in ta bugo take cewa, "A gaida makanike. Ɗumi kam na ji, sai dai a waje."